Bishiyar da Saiwarta ke Sama

Masu ilimin kwamfuta suna da wata al'ada da ke ba baƙo mamaki. Idan za su zana bishiya, sai su ɗora saiwarta a saman allo, rassa su zubo ƙasa, ganye ya koma gindi. Abin da suke kira bishiya shi ne duk wani tsarin bayanai da ke da tushe guda a ƙoli, ƙarƙashinsa akwai mabiya, kowane mabiyi kuma yana da nasa mabiyan. Masanin lissafi ɗan Ingila, Arthur Cayley, shi ne ya raɗa wa irin wannan zane sunan bishiya a 1857, tun duniya ba ta san kwamfuta ba. A yau jakunkunan ajiya da ke cikin wayar hannu, da ginin kowane shafin intanet, da jerin muƙaman kowace ma'aikata, duk a kan wannan siffa suke zaune.

Wannan ne ya sa kamfanonin da ke ɗaukar masu rubuta manhaja suke yawan gwada mai neman aiki da tambayar bishiya. Ana ba shi matsala guda, da wajen minti 45, a ce ya warware ta yana bayyana tunaninsa da baki. Wanda ya haye yana iya samun aikin da zai yi daga ɗakinsa, albashi kuma ya zo daga Legas ko daga ƙetare. Wanda ya kasa sai ya koma jiran wata dama, wadda ba kullum take zuwa ba.

Akwai wata matashiya daga yankin Dogon Daji, a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, da ta karanta kimiyyar kwamfuta, ta gama bautar ƙasa, ta dawo gida tana shirin irin wannan gwaji. Ita ce babba a ɗakinsu, kuma idon ƙannenta yana kanta. Ta shafe watanni a dandalin LeetCode tana haddace amsoshi, kamar yadda dubban takwarorinta suke yi. Hadda kuwa tana da iyaka a nan: da zarar mai tambaya ya sauya wa matsalar riga, sai wadda aka haddace ta daina shiga. Abin da ya buɗe mata hanya shi ne lura da cewa bishiyoyin da ake tambaya a kansu ta daɗe tana zaune a cikinsu. Ɗaya ta cike takardarta da hannunta. Ɗaya kuma tun tana ƙarama take jin ta a bakin baffanta.

Jimillar da ke jiran ganyen ƙarshe

Tambayar da ta fi yawo ita ce wannan: an ba ka bishiya, kowane ganye yana ɗauke da adadi, nemo jimillar da ke ƙarƙashin kowace gaɓa. Wani kamfani zai ce albashin ma'aikatan da ke ƙarƙashin kowane manaja, wani ya ce nauyin fayilolin da ke cikin kowace jaka. Matsalar dai ɗaya ce.

Lokacin bautar ƙasa, matashiyar ta yi aikin wucin gadi a wata rumfar zaɓe, kamar yadda masu yi wa ƙasa hidima suka saba. Ta san takardar da ake kira EC8A, wadda ake rubuta sakamakon rumfa guda a kanta. Daga nan ake kai ta cibiyar mazaɓa a haɗa a kan EC8B, sai ƙaramar hukuma a kan EC8C, sai jiha a kan EC8D. Nijeriya tana da jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, mazaɓu 8,809, da rumfunan zaɓe 176,846 tun bayan faɗaɗawar da hukumar INEC ta yi a 2021. Bishiya ce mai hawa biyar. Rumfuna su ne ganye, domin su kaɗai ke da ƙuri'ar da aka ƙirga da hannu. Duk wanda ke sama da su haɗawa kawai yake yi.

Dokar wannan aiki gajera ce: babu gaɓar da za ta san jimillarta sai dukkan 'ya'yanta sun kawo tasu. Jami'in tattara sakamako na mazaɓa ba ya bukatar sanin abin da ke faruwa a wata jiha. Aikinsa shi ne ya karɓi na ƙasa da shi, ya haɗa, ya miƙa sama. Jami'in ƙaramar hukuma ma wannan aikin yake yi, haka na jiha. Da yake aikin iri ɗaya ne a kowane hawa, mai rubuta manhaja ba ya rubuta umarni biyar. Yana rubuta umarni guda mai cewa: in gaɓar nan ganye ce, dawo da adadinta, in ba ganye ba ce, aiki kanka ga kowane ɗanta, ka haɗa abin da suka dawo da shi. Wannan shi ne umarni mai kiran kansa, kuma shi ne ƙashin bayan kusan kowace amsa a wannan fanni. Sharaɗin farko, wato sanin inda za a tsaya, shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa, kuma in babu shi kiran ba ya ƙarewa.

Mutanen Sakkwato sun ga wannan doka da idonsu a 2019. A zaɓen gwamna na ranar 9 ga Maris, Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya samu ƙuri'u 489,558, Ahmad Aliyu na APC ya samu 486,145. Tazarar 3,413 ce, alhali rumfunan da aka soke zaɓensu suna da masu rajista 75,403. Sai aka ce zaɓe bai kammala ba, aka koma rumfunan ranar 23 ga Maris. Da aka zo tattarawa, ƙananan hukumomi suka yi ta shigowa, jiha kuma ta zauna jiran Kebbe, wadda ita ce ta zo ƙarshe. Bayan an haɗa nata, Tambuwal ya tashi da 512,002, Aliyu da 511,660. Ƙuri'u 342 suka raba su. Saiwar bishiyar ba ta da bakin magana sai da reshen ƙarshe ya iso.

A cikin wannan labari akwai dabara ta biyu da mai tambaya ke so ya ji. Da a ce tazarar farko ta zarce yawan masu rajista a rumfunan da aka soke, da ba a bukaci komawa can ba, domin ko duk sun zaɓi na biyu ba za su sauya sakamako ba. Masu manhaja suna kiran wannan sassabe: idan ka tabbatar reshe ba zai iya canza amsa ba, kada ka ɓata lokaci wajen shiga cikinsa. Manhajojin da ke buga dara da makamantanta da wannan hikima suke rage aikinsu.

Kakan da ya haɗa mutum biyu

Tambaya ta biyu da ta shahara ita ce: an ba ka gaɓoɓi biyu, nemo kakan da ya fi kusa wanda dukkansu suka fito daga gare shi. Matsalar tana da tarihi a fagen nazari, domin Aho da Hopcroft da Ullman sun yi rubutu a kanta tun 1973. Amma a ƙasar Sakkwato, inda sanin salsala yake cikin ilimin dattawa, ta girmi haka nesa ba kusa ba.

Baffan matashiyar tsohon shugaban makarantar firamare ne, kuma yana cikin masu riƙe asalin gidajen sarauta a ka. Da ta karanta masa tambayar da Hausa, sai ya ce, “Ɗiyata, ai wannan ba sabon abu ba ne. Faɗa mini, ina Sardauna da Sarkin Musulmi Abubakar suka haɗu?”

Ta ce, “Baffa, na dai san duk jinin Shehu ne.”

Ya ce, “Kowa ya san wannan. Ina suka fara haɗuwa nake tambaya.”

Sai ya hau da ita mataki-mataki. Ahmadu Bello Sardauna ɗan Ibrahim ne, Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, shi kuma ɗan Muhammadu Bello. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau a 1938, ɗan Usman ne, Usman ɗan Sarkin Musulmi Mu'azu, shi ma ɗan Muhammadu Bello. Taki uku kowannensu, suka haɗu a kan Bello. Shehu Usmanu kakansu ne duka, amma ba shi ne mafi kusa ba.

Wannan hawa da dattijon ya yi shi ne amsar da ake nema a allo. Idan mutanen biyu zurfinsu ɗaya, a ɗaga su tare, taki-taki, har su tsaya a kan suna guda. Idan ɗaya ya fi zurfi, a fara ɗaga shi har su daidaita. Misali, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ɗan Abubakar na Uku ne, don haka ya fi Sardauna zurfi da hawa ɗaya. A ɗaga shi zuwa mahaifinsa, sannan a hau tare, a sake isa ga Bello. Akwai kuma hanya ta biyu: a rubuta dukkan kakannin na farko a takarda, sannan a hau da na biyu har a ci karo da sunan da ke cikin takardar. Ta farko ba ta cin wurin ajiya amma tana bukatar sanin zurfi, ta biyu tana cin wuri amma ba ta bukatar wannan. Mai neman aikin da ya faɗi hanyoyin biyu, ya kuma faɗi farashin kowacce, ya riga ya nuna abin da ake son gani.

Sai baffan ya kawo misalin da ya fi kusa da gida. Ibrahim Dasuki, wanda ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996, a Dogon Daji aka haife shi, kuma shi ne na farko da ya hau daga gidan Buhari ɗan Shehu, gidan da tarihi ya danganta da ƙasar Tambuwal. Idan aka nemi inda ya haɗu da Maccido, wanda ya gaje shi, sai an hau har saiwa, domin ɗaya ta Buhari ya bi, ɗaya ta Bello. A nan amsar Shehu ce da kansa. Masu tambaya suna son irin wannan gefe: me zai faru in amsar ita ce saiwa? Me zai faru in ɗaya daga cikin biyun shi ne kakan ɗayan? Manhajar da ta yi daidai a tsakiya ta karye a gefe, ba ta yi daidai ba.

Akwai wani sharaɗi da ke ɓoye a cikin duk wannan. Salsala tana zama bishiya ne kawai domin ana bin ɗa zuwa uba. Da zarar an shigo da iyaye mata, kowa yana da mahaifa biyu, kuma inda auren zumunci ya yawaita hanyoyi suna rabuwa su sake haɗewa. Wannan ya tashi daga bishiya ya koma raga. Umarnin da ke haɗa jimilla zai ƙirga mutum ɗaya sau biyu, sai fa in yana riƙe da jerin waɗanda ya riga ya ziyarta. Shi ya sa tambayar farko da ya kamata mai neman aiki ya yi, kafin ya rubuta ko harafi, ita ce: kowace gaɓa uwa ɗaya gare ta? Matambayi ba ya ɓata, kuma a wannan ɗaki ana ba tambaya maki.

Kebbe da Kebbi

A aikin gaske, bayanai ba sa zuwa a zane. Suna zuwa ne a jeri, layi bayan layi, kowane layi da sunan abu da sunan wanda ke samansa, kuma a hargitse. Tambaya ta uku ita ce a gina bishiyar daga irin wannan jeri. Wanda ya ce ga kowane layi zai bi sauran duka yana neman uwarsa zai yi aiki mai ninkuwa: layi dubu zai jawo dube-dube har miliyan. Hanyar da ta dace zagaye biyu ce. A na farko, a zuba kowa a ƙamus, ta yadda za a same shi da lambarsa nan take. A na biyu, a ɗauki kowa a rataya shi ga uwarsa. Wanda ba shi da uwa shi ne saiwa. Bishiya mai gaɓoɓi dubu tana da igiyoyi 999, ba ƙari ba ragi, kuma wannan ƙidaya ita ce gwajin farko na lafiyarta.

Abin lura shi ne an ce da lambarsa, ba a ce da sunansa ba. Duk ɗan yankin ya san ruɗanin da ke tsakanin Kebbe, ƙaramar hukuma a Jihar Sakkwato, da Kebbi, jihar da ke maƙwabtaka da ita. Harafi ɗaya ya raba su, kuma kuskuren yatsa ɗaya zai iya ɗauke garuruwa irin su Kuchi ya rataya su a wata jiha. Ga kuma sunaye irin Sabon Gari da Tudun Wada da ake samu a garuruwa da dama. INEC ta kauce wa wannan da lamba mai kashi huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Ta Sakkwato tana farawa da 33. Lambar rumfa hanya ce daga saiwa zuwa ganye, an rubuta ta a layi ɗaya.

Bishiya kuma tana canzawa. An ƙirƙiri Jihar Sakkwato a 1976, aka yanke Kebbi daga jikinta a 1991, aka yanke Zamfara a 1996, ta rage da ƙananan hukumomi 23. Idan kowace gaɓa sunan uwarta kaɗai take riƙe, sauyin yana da sauƙi: a canza wa ƙananan hukumomin da suka tashi uwa, duk ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu su bi su. Idan kuwa kowane ƙauye cikakkiyar hanyarsa yake riƙe, dubawa ta fi sauri, amma ranar sauyi sai an sake rubuta kowane layi. Babu wadda ta fi a kowane hali. Abin tambaya shi ne: karantawa aka fi yi, ko gyarawa?

Haka kuma ganye iri ɗaya yana iya zama a bishiyoyi daban-daban. A zaɓen gwamna, Tambuwal da Kebbe kai tsaye suke miƙa wa jiha. A zaɓen Majalisar Wakilai, su biyun suna haɗuwa a mazaɓar tarayya ta Kebbe/Tambuwal, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015. A na Majalisar Dattawa, suna haɗuwa da Bodinga, Dange-Shuni, Shagari, Tureta da Yabo a Sakkwato ta Kudu. Ga kuma bishiyar sarauta, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa Sarkin Musulmi. Wanda ya cusa waɗannan duka a gurbi ɗaya na “uwa” zai gina manhajar da za ta yi ƙarya ba tare da ta sani ba.

Goriba da giginya

Yawancin tambayoyin intabiyu a kan bishiya mai reshe biyu suke, wadda kowace gaɓa ba ta wuce 'ya'ya biyu ba. Wanda ya tashi inda goriba take ba ya bukatar a zana masa, domin ita ce dabinon da gangar jikinsa ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Idan aka jera lambobi a irin wannan bishiya, ƙanana hagu, manya dama, kowane taki yana zubar da rabin abin da ya rage. Rumfuna 176,846 za su shige cikin hawa 18, domin 2 in aka ninka ta sau 18 tana ba da 262,144. Taki 18 ya isa a gano kowace rumfa a ƙasar nan.

Amma wannan alkawari yana tsayawa ne in bishiyar ta daidaita. Idan aka zuba lambobin a jere daga ƙarami zuwa babba, kowane sabo zai tafi dama, bishiyar ta miƙe sambal kamar giginya, babu reshe. Nema zai iya cin taki 176,846. Masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Adelson-Velsky da Landis, sun fito da maganin wannan a 1962: bishiyar da ke gyara zamanta duk lokacin da ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. Giginya tana da wata illa kuma. Kowane kira da umarni ya yi wa kansa yana jibge a kan na baya har sai an kai ganye, kuma harshen Python, in ba a sauya masa ba, yana tsayawa a wajen kira 1,000. Bishiyar zaɓe mai hawa biyar ba za ta taɓa kai wa can ba. Doguwar sarƙa za ta kai. A nan ake ajiye kiran kai, a riƙe tarin da hannu. In kuma hawa-hawa ake son bi, jihohi duka kafin ƙananan hukumomi, sai a yi amfani da layi irin na banki, wanda ya riga zuwa ya riga fita.

Abin da gwajin ke aunawa

Ba kowa ne ya yarda da wannan salon tantancewa ba. A 2015, Max Howell, wanda ya ƙirƙiri manhajar Homebrew da ɗimbin masu rubuta manhaja ke amfani da ita, ya bayyana cewa Google bai ɗauke shi aiki ba bayan ya kasa juya bishiya mai reshe biyu a kan allo. Maganarsa ta yi yawo domin tana da ƙamshin gaskiya: minti 45 a gaban baƙo ba ya auna haƙuri, ko amana, ko iya zama da abokan aiki. Ga ɗan Tambuwal ko Kebbe akwai ƙarin nauyi, domin dole ya tanadi cajin kwamfuta da data, ya nemi inda sabis ya fi ƙarfi, ya kuma yi tunani da baki a harshen da ba da shi ya fara tunani ba.

Duk da haka, abin da tambayar ke nema yana da amfani a wajen ɗakin intabiyu. Rajistar ɗalibai daga aji zuwa makaranta zuwa hukumar ilimi, ƙididdigar rigakafi daga unguwa zuwa asibitin mazaɓa zuwa jiha, rabon taki daga jiha zuwa manomi, duk bishiyoyi ne. Reshen da aka rataya a inda ba nasa ba yana nufin ƙauyen da ba a ƙirga ba, ko wanda aka ƙirga sau biyu.

Ranar gwajin matashiyar, an ba ta jerin ma'aikatan wani kamfani na misali, kowa da lambar shugabansa da albashinsa, aka ce ta fitar da kuɗin da ke ƙarƙashin kowane shugaba. Ba ta taɓa ganin tambayar da wannan riga ba. Ta fara da tambayoyi uku: ko akwai mai shugaba biyu, ko lambobin ba sa maimaituwa, da kuma iyakar zurfin jerin. Mai tambayar ya ce zurfin ba shi da iyaka, sai ta ajiye kiran kai ta riƙe tarin da kanta. Ta gina ƙamus, ta rataya kowa, ta haɗa daga ƙasa zuwa sama. Kafin lokaci ya cika ta ƙara layuka kaɗan da za su kama jerin da wani ya zama shugaban shugabansa, domin a irin wannan zobe babu ganyen da za a fara da shi. Bayan kwana huɗu aka aiko mata da gayyatar zagaye na gaba, wanda za a yi a kan tsara rumbun bayanai.